Fashin Baƙi: Ƙara wa Dibaga Sabuwar Taga, Yaya Ake Yi, Kuma Ina Wahalar Take?

Akwai tambayar da take yawan tasowa a tsakanin masu rubuta manhajar kwamfuta, musamman waɗanda suka fara ƙosawa da abin da Eclipse ko VS Code suke nuna musu a lokacin farautar kuskure: shin mutum zai iya ƙera tasa tagar, ya liƙa ta a jikin dibaga, wato manhajar farautar kuskure, ta riƙa nuna masa cikin manhajarsa a irin siffar da yake buƙata? Amsar ita ce zai iya, kuma an daɗe ana yi. Sai dai fahimtar da ake yi wa aikin ta rabu gida biyu, kuma kowanne ɓangare ya kauce. Wasu suna ɗauka cewa sai mutum ya rubuta sabuwar dibaga tun daga tushe, saboda haka ba sa ko kusantar batun. Wasu kuma suna ganin aikin zane ne kawai, a jera akwatuna da layuka a zuba musu lambobi, har sai sun fara sannan su tarar tagar tasu tana daskarar da allo, ko tana nuna tsohon bayani, ko ma ta sauya halin manhajar da ake bincike a kanta.

Abubuwa uku da ake kira da suna ɗaya

Dibaga manhaja ce da take ba mai rubuta kod damar dakatar da wata manhajar a tsakiyar aikinta, ya leƙa abin da take riƙe da shi a ƙwaƙwalwa, sannan ya sake ta ta ci gaba layi bayan layi. Yakan sa alamar tsayawa a layin da yake zargi, idan aiki ya iso wurin sai komai ya tsaya cak. Mahallin rubuta manhaja kuwa, irin su Eclipse da IntelliJ IDEA da Visual Studio, shi ne babban zauren da ya haɗa wurin rubutu da na harhaɗa kod da na bincike. Fulogin shi ne ƙarin da wani yake rubutawa ya jona a jikin zauren ba tare da ya taɓa ainihin kod ɗinsa ba.

Abin da mai amfani yake kira dibaga a haƙiƙa hawa uku ne. A can ƙasa akwai injin da yake taɓa manhajar kai tsaye, wanda shi ne yake dakatar da ita ya karanta ƙwaƙwalwarta. GDB, wanda Richard Stallman ya fara rubutawa a 1986, shi ne sanannen misali ga yarukan C da C++, sai kuma LLDB. A Java, injin yana cikin na'urar JVM ita kanta, wato manhajar da take gudanar da kod ɗin Java, ana yi masa magana ta wata ƙa'ida mai suna JDWP. A sama akwai fuskar da ake gani, wato jerin ma'ajiyan ƙima (wuraren da manhaja take ajiye bayani da suna) da tulin kiraye-kiraye (jerin sassan kod da suka kira juna har aka iso inda aka tsaya) da maɓallan ci gaba da na taku ɗaya. Tsakanin waɗannan biyu akwai hawa na tsakiya, wanda aikinsa kamar na tafinta ne: yana karɓar tambayar fuska ya juya ta zuwa harshen injin, ya dawo da amsa a siffar da fuskar za ta gane.

Sabuwar tagar da mutum zai ƙera tana zaune ne a hawa na sama. Ba ta ganin ƙwaƙwalwar manhajar da idonta, duk abin da za ta nuna sai ta tambaya ta jira amsa. Kusan dukkan matsalolin da za su biyo baya daga nan suke fitowa.

Me ya sa tagogin da aka saba da su ba sa wadatarwa?

An ƙera tagar ma'ajiyai ne domin ta yi wa kowa aiki, saboda haka ba ta san ma'anar bayanan kowa ba. Mai aikin sarrafa hotuna da ya dakatar da manhajarsa domin ya duba hoto mai faɗin ɗigo 640 da tsayin 480 zai tarar da jerin ɗigo 307,200, kowanne da lambobinsa, kuma babu ɗan'adam da zai dubi wannan jerin ya gane cewa hoton ya karkace ko launukansa sun musanya. Wannan buƙatar ce ta sa Microsoft ta fitar da Image Watch, wani fulogin na Visual Studio da yake nuna hotunan OpenCV, wani kundin kod na sarrafa hotuna, a matsayin hotuna yayin da manhaja take tsaye. Masu nazarin alƙaluma da Python suna samun irin wannan a PyCharm, inda ake buɗe teburin pandas, wato kundin kod na sarrafa teburan bayanai, a gan shi da layuka da ginshiƙai.

Misalin da ya fi nuna amfanin abin shi ne na masu rubuta manhajar ƙananan na'urori. A guntun STM32F4, wato ɗan ƙaramin kwamfutar da ake sawa a cikin na'ura, adireshin 0x40020000 yana riƙe da rajista, wani ɗan wurin ajiya a cikin guntun, wadda take tantance aikin ƙafafu 16 na tashar GPIOA, kowace ƙafa da bit biyu a cikin bit 32. Tagar da aka saba da ita lamba ɗaya za ta nuna, sai injiniya ya buɗe littafin guntun ya riƙa ƙirga bit da yatsa. Tagar da aka ƙera don wannan aikin tana karanta fayil ɗin CMSIS-SVD, wani tsari na kamfanin Arm da masu ƙera guntaye suke bayyana rajistocinsu da shi, sai ta rarraba lambar ta rubuta sunan kowane fili da ƙimarsa. STM32CubeIDE, wanda aka gina a kan Eclipse, yana zuwa da irin wannan tagar.

Hanyar Eclipse

IBM ta saki Eclipse a matsayin buɗaɗɗen kod a watan Nuwamban 2001, kuma tun daga farko an gina shi ne a kan cewa kusan komai fulogin ne, har da kayan aikin Java ɗin da ya yi suna da su. Daga fitowa ta 3.0 a 2004 aka ɗora tsarin a kan OSGi, wata ƙa'idar jona sassan manhajar Java da juna. Mai son ƙara taga yakan rubuta a fayil ɗin plugin.xml cewa yana jona wani abu a mahaɗar org.eclipse.ui.views, ya ba tagar suna, sannan ya rubuta ajin Java da ya gaji ViewPart, ko AbstractDebugView idan yana son wasu sauƙaƙe-sauƙaƙen da aka riga aka tanada. Wannan ɓangaren aikin yini ɗaya ne ga wanda ya san Java.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda Eclipse ya fasalta manhajar da ake bincike. Kowane zaman bincike ILaunch ne, a ƙarƙashinsa akwai IDebugTarget, a ƙarƙashin wannan akwai zaruruwan aiki, wato IThread, waɗanda su ne layukan aikin da suke gudana a lokaci guda a cikin manhajar, kowane zare yana da matakan kira, IStackFrame, kowane mataki kuma yana da ma'ajiyansa, IVariable, masu riƙe da IValue. Tagar tana buƙatar sanin abu biyu a kowane lokaci. Na farko shi ne halin da manhajar take ciki, wanda take ji ta hanyar sanarwar DebugEvent, kamar SUSPEND idan an tsaya, RESUME idan an ci gaba, da TERMINATE idan an rufe. Na biyu shi ne matakin da mai amfani ya zaɓa da linzaminsa, domin ma'aji mai suna ɗaya yana iya samun ƙima daban a matakai daban, kuma wannan ana jin sa ne ta IDebugContextListener. Masu farawa sukan saurari na farko su manta da na biyu, sai mai amfani ya danna wani mataki a tulin kira, sauran tagogi su sauya, tasu ta tsaya a inda take.

Akwai kuma wani tarko da ba a cika faɗa ba. Ba kowace dibaga ce a cikin Eclipse take bin wancan fasalin ba. Kayan aikin C da C++, wato CDT, suna amfani da wani tsari na daban mai suna DSF wajen magana da GDB, inda tambayoyi suke tafiya ba tare da an tsaya jiran amsa ba. Tagar da aka rubuta da zaton cewa duk abin da aka zaɓa IStackFrame ne tana iya yin aiki lafiya a Java, a kai ta C ta zama fanko.

Hanyar VS Code

VS Code, wanda Microsoft ta fitar a 2015, ya ɗauki wata hanyar. Maimakon kowace dibaga ta shigo cikin zauren ta zauna, sai aka fitar da hawa na tsakiya ya zama manhaja mai zaman kanta da ake kira adafta, aka kuma rubuta ƙa'idar da za a riƙa magana da ita, wato Debug Adapter Protocol, wadda ake taƙaitawa da DAP. Saƙonnin rubutu ne a tsarin JSON, wanda mutum zai iya karantawa da idonsa.

Yana da kyau a bi abin da yake faruwa a ƴan daƙiƙun da suke biyo bayan isa alamar tsayawa. Adafta tana aiko da sanarwar stopped, ɗauke da dalilin tsayawar da lambar zaren da ya tsaya. Fuskar sai ta aika threads domin ta san zaruruwan da suke raye, sannan stackTrace domin matakan kiran zaren, sannan scopes domin rukunan ma'ajiyan matakin da aka zaɓa, sannan variables domin ma'ajiyan kansu. Kowane ma'aji yana zuwa da wata lamba mai suna variablesReference. Idan sifili ce, ba shi da komai a cikinsa. Idan ta haura sifili, yana da ƴaƴa, kuma sai an sake aika variables da wannan lambar kafin a gan su. Wato abin da mai amfani yake gani a matsayin allo ɗaya da ya bayyana nan take, jerin tambayoyi ne da kowacce take jiran wadda ta gabace ta.

Mai rubuta fulogin yana bayyana tagarsa a package.json, ya zaɓi ko ta zama bishiya mai rassa ta hanyar TreeDataProvider ko ta zama ƙaramin shafin intanet da zai yi zanen da ya ga dama a ciki. Yana iya aika tasa tambayar ga adafta ta customRequest, yana kuma iya kafa mai sauraron da zai ga duk saƙon da yake wucewa tsakanin fuska da adafta. Ribar tsarin ita ce yaɗuwarsa: debugpy na Python da Delve na Go da lldb-dap duk suna jin DAP, GDB ya samu tasa tun daga fitowa ta 14 a 2023, kuma Neovim da Emacs da Eclipse ɗin kansa suna da fulogin da suke magana da ita.

Matsalar lokaci

Duk bayanin da taga ta karɓa yana da inganci ne kawai muddin manhajar tana tsaye a inda take. Ƙa'idar DAP ta faɗi wannan a fili game da variablesReference: da zarar an ci gaba da aiki, lambar ta mutu. Tagar da ta ajiye lambar ta sake amfani da ita bayan taku na gaba za ta samu kuskure, ko kuma, wanda ya fi muni, ta samu bayanin wani ma'ajin daban da adafta ta ba irin wannan lambar a sabon zagaye.

Haɗarin yana ƙaruwa ne saboda yadda mutane suke amfani da dibaga a zahiri. Mai bincike ba ya yin taku ɗaya ya zauna jira. Yakan danna maɓallin taku sau da yawa a jere cikin sauri, kuma kowace dannawa tana haifar da ci gaba da tsayawa. Idan tagar ta aika tambaya a tsayawa ta uku, amsar ta iso bayan an kai ta biyar, kuma tagar ta zuba ta a allo ba tare da dubawa ba, to mai bincike yana kallon halin da ya wuce yana ɗauka na yanzu ne. A ganina wannan ya fi rashin tagar gaba ɗaya illa, domin mutum yana iya shafe sa'o'i yana bin kuskuren da babu shi a manhajarsa. Maganin da aka saba yi shi ne a ba kowace tsayawa lamba, a liƙa wa kowace tambaya lambar tsayawar da ta haife ta, a zubar da duk amsar da lambarta ta tsufa, sannan a dusashe abin da yake allo yayin da manhajar take gudu domin mai kallo ya san ba sabo ba ne.

Sai kuma batun zaren fuska. A Eclipse zare ɗaya ne yake da ikon taɓa abin da yake allo, sanarwar dibaga kuma a wani zaren take isowa. Wanda ya sabunta tagarsa kai tsaye daga cikin sanarwar zai ci karo da saƙon da duk mai rubuta fulogin na Eclipse ya sani, "Invalid thread access", kuma mafita ita ce miƙa aikin ta Display.asyncExec. Amma wanda ya ji tsoron wannan ya kwashe dukkan aikin, har da tambayar injin, ya kai zaren fuska, to duk lokacin da amsa ta yi jinkiri zauren gaba ɗaya zai daskare. Idan manhajar tana kan wata na'ura ce da aka jona ta kebul ko ta intanet, jinkirin kowace tambaya yana taruwa, shi ya sa tagar kirki take tambayar abin da yake bayyane a allo kawai, ta bar sauran sai an gangara. DAP ta tanadi start da count a cikin variables saboda wannan.

Kallon da yake taɓa abin da ake kallo

Mutane da yawa suna ɗauka cewa karanta ƙima ba ya sauya komai, kuma a nan ne ƙwararru ma suke tuntuɓe. Domin taga ta nuna abu a siffa mai ma'ana, sau da yawa sai ta nemi injin ya gudanar da ɗan kod a cikin manhajar da take tsaye, kamar kiran toString a Java. Wannan kod ɗin na gaske ne, yana iya cika wani ma'ajin da aka bari sai an buƙace shi, ko ya ƙara wani ƙidayau, ko ya je rumbun bayanai. A Java, irin wannan kiran, wanda ake yi ta JDI, wato kayan aikin da dibaga take amfani da su wajen magana da JVM, yana sakin zaren na ɗan lokaci, kuma idan ba a ce a taƙaita ga zare ɗaya ba, sauran zaruruwan ma suna motsawa. Idan kuwa aka taƙaita, kuma kod ɗin da aka kira yana buƙatar makullin da wani zaren da yake tsaye yake riƙe da shi, sai a shiga jiran da ba ya ƙarewa.

A Eclipse irin wannan kiran yana haifar da nasa sanarwar RESUME da SUSPEND. Tagar da take aika sabon kira a duk lokacin da ta ji SUSPEND za ta ji sanarwar da ita kanta ta jawo, ta sake kira, ta sake ji, ta kama zagaye ba iyaka. An tanadi isEvaluation a jikin DebugEvent domin a rarrabe irin wannan tsayawar da ta gaske.

A ƙananan na'urori ko kod ba sai an gudanar ba. A guntayen STM32, karanta rajistar bayanai ta USART, wato sashen aikawa da karɓar saƙo ta waya, yana goge alamar da take shaida cewa sabon baiti ya iso. Tagar da take karanta dukkan rajistoci a kowace tsayawa za ta goge alamar kafin manhajar ta gan ta, sai injiniya ya ga saƙonni suna ɓacewa a lokacin da tagar take buɗe kawai. Tsarin SVD yana da filin readAction da mai ƙera guntu zai iya nuna irin waɗannan rajistocin da shi, kuma wajibi ne taga ta girmama shi, ta bar karatun sai mai amfani ya nema da kansa.

Inda ra'ayi ya bambanta

Masu ra'ayin farko suna cewa yawancin waɗanda suke son ƙera taga ba sa buƙatarta. GDB yana da masu ƙawata bayani da ake rubutawa da Python tun daga fitowa ta 7.0 a 2009. Visual Studio yana da fayilolin natvis tun 2012, inda ƴan layukan XML suke koya wa dibaga yadda za ta nuna wani aji. Eclipse yana da masu tsara bayani da kuma fasalin ma'ana, wanda shi ne yake sa HashMap ya bayyana a matsayin maɓallai da ƙimominsu maimakon tarkacen cikinsa. Waɗannan duk suna hawa kan tagar da take akwai, suna gadon maganin matsalar lokaci da aka riga aka yi mata, kuma ana iya ajiye su tare da kod ɗin aikin kowa ya amfana.

Ɗaya ɓangaren yana cewa akwai bayanan da jeri da bishiya ba za su taɓa nuna su ba, kamar hoto, ko zanen igiyar sauti, ko yadda ayyukan FreeRTOS, wani tsarin gudanarwa na ƙananan na'urori, suke jiran juna, ko teburin da ya haɗo bayani daga wurare da dama na ƙwaƙwalwa. Hujjarsu tana da ƙarfi a waɗannan wuraren. Ma'aunin da ya fi dacewa, a nawa hange, shi ne a tambayi ko matsalar ta yadda ake rubuta ƙima ɗaya ce ko ta siffar bayanin gaba ɗaya. Ta farko ba ta cancanci ɗawainiyar fulogin ba, domin fulogin yana buƙatar kulawa a duk lokacin da zauren ya sabunta, musamman idan ya jingina da sassan cikin gida da masu zauren ba su yi alkawarin barin su yadda suke ba.

Tsakanin hanyar Eclipse da ta DAP ma akwai ciniki. Eclipse yana ba fulogin damar shiga can ciki, amma ya ɗaure shi da Java da kuma zauren. DAP tana yaɗuwa, sai dai abin da ta tanada shi ne wanda yawancin yaruka suka yi tarayya a kansa, kuma da zarar taga ta dogara da wata tambaya ta musamman da adafta ɗaya kaɗai ta sani, ta rasa yaɗuwar da aka zaɓi DAP dominta.

Abin da ya shafi wanda ba ya ƙera fulogin

Ɗalibi ko ma'aikacin da zai sauke irin wannan tagar ya kamata ya san irin ikon da yake miƙa mata. Fulogin na Eclipse da na VS Code suna gudana ne da cikakken ikon mai kwamfutar, suna iya karanta fayilolinsa su kuma yi magana da intanet. Fulogin ɗin da yake zaune a jikin dibaga yana da ƙari a kan haka, domin yana ganin abin da manhajar take riƙe da shi a ƙwaƙwalwa kafin a ɓoye shi, wanda zai iya haɗawa da kalmomin sirri da makullan shiga sabar da bayanan abokan hulɗa, kuma yana iya gudanar da kod a cikinta. An sha gano fulogin masu cutarwa a kasuwannin fulogin ana cire su. Tsarin Workspace Trust da VS Code ya kawo a 2021 yana kare mutum ne daga babban fayil ɗin aikin da bai amince da shi ba, ba ya tantance fulogin ɗin da mutum ya girka da hannunsa. Kamfanin da manhajarsa take sarrafa kuɗin jama'a ko bayanan marasa lafiya yana da dalilin taƙaita fulogin ɗin da ma'aikatansa za su girka, da kuma hana a jona dibaga mai ɗauke da baƙon fulogin a kan sabar da take riƙe da bayanan mutane na gaske.